Sundowner: Tarihin Wani Tsohon Jirgin Katako da Yadda Ake Ceto Irinsa

 Yau ƙasar Ingila za mu leƙa, mu ji labarin wani ƙaramin jirgin ruwa na katako mai inji da ake kira Sundowner, wanda ya haura shekara ɗari a duniya. Za mu ji inda ya fito da hannuwan da ya bi, daga nan mu shiga wurin masu gyara mu ga yadda ake tayar da jirgin da katakonsa ya fara mutuwa. Sai ku gyara zama.

(Kiɗan buɗe shiri)

A shekarar 1912 aka ƙera jirgin nan domin rundunar sojan ruwan Birtaniya. Irin ƙananan jiragen nan ne masu injin tururi da manyan jiragen yaƙi ke aike da su, su kai hafsoshi gaɓa, su ɗauko wasiƙu da kayan abinci, su yi ta zirga-zirga cikin tashar ruwa. Tsawonsa a lokacin ƙafa 52 ne, wato kusan mita 16. Da aka gama cin moriyarsa, sai gangarsa ta ƙare a cikin taɓo a wata 'yar mashigar ruwa da ake kira Conyer, a yankin Kent, kudu maso gabashin Ingila.

Can wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa mai suna Charles Lightoller da matarsa Sylvia suka same shi a 1929, suka saya a kan fam 40. Wanda ya san labarin Titanic, babban jirgin nan da ya nutse a watan Afrilun 1912 da mutum sama da 1,500, to Lightoller yana cikin hafsoshinsa, kuma shi ne mafi girman muƙami a cikin hafsoshin da suka tsira. A bayan wani kwalekwalen ceto da ya kife ya kwana, shi da wasu mutane, har gari ya waye aka tsamo su. Mutumin da ya ga irin wannan dare, da ya ce ya bar ruwa har abada ba wanda zai ga laifinsa. Shi kuwa jirgin kansa ya je ya nema.

Ya sa aka ƙara wa gangar tsawo ta kai ƙafa 58, aka gina ɗakunan kwana a ciki, aka kafa sanduna biyu na ɗaura filafilai, aka sa injin kamfanin Parsons mai ƙarfin doki 60, mai shan fetur da kananzir. A watan Yunin 1930 aka sake tura shi ruwa, yana gudun kimanin kilomita 15 a awa. A 1936 Lightoller ya cire wannan injin ya sa na dizal, ƙirar Gleniffer, mai ƙarfin doki 72, gudun ya ƙaru zuwa wajen kilomita 18. Ku riƙe wannan, masu sauraro, domin za mu dawo kansa idan mun zo maganar gyara. Kafin jirgin nan ya cika shekara 25, ya riga ya sauya tsawo, ya sauya aiki, ya ga injina iri uku.

A 1939, ana dab da Yaƙin Duniya na Biyu, hukumar sojan ruwa ta nemi Lightoller ya zaga gaɓar tekun Jamus ya leƙo musu asiri. Suka tafi shi da Sylvia kamar dattawa masu yawon shan iska. Ita tana zaune a sama tana saƙa, shi yana ɓoye yana auna zurfin ruwa yana zana taswira.

Amma abin da ya sa sunan jirgin ya shiga tarihi ya faru ne a 1940. Sojojin Jamus sun yi wa na Birtaniya da Faransa da Beljiyam ƙawanya a garin Dunkirk, a gaɓar arewacin Faransa, ga abokan gaba ta tudu, ga teku a bayansu. Ruwan bakin gaɓar ba shi da zurfi, manyan jirage ba sa iya matsowa, saboda haka aka tattara ɗaruruwan ƙananan jirage, na masunta, na fito, na yawon shaƙatawa, aka tura su. Daga 26 ga Mayu zuwa 4 ga Yuni an kwashe sojoji sama da 338,000. Yawancin ƙananan jiragen, sojojin ruwa ne suka karɓa suka tuƙa. Da aka zo kan Sundowner, Lightoller, wanda a lokacin yake da shekara 66, ya ce in dai jirginsa zai je, to shi zai kai shi.

Ranar 1 ga Yuni suka tashi su uku, shi da babban ɗansa Roger da wani matashi ɗan sikawut mai shekara 18. A hanya suka tarar da wani ƙaramin jirgi mai suna Westerly yana ci da wuta, suka kwashe mutanen cikinsa. Da suka isa Dunkirk, gadar tashar ta yi musu tsawo, sai suka raɓa jikin wani jirgin yaƙi mai suna Worcester suka riƙa karɓar sojoji ta nan. Aka jera mutum 75 a ɗakunan ciki, 55 a sama, jimla 130. A hanyar dawowa jiragen sama suka yi ta kawo musu farmaki. Ƙaramin ɗan Lightoller, Brian, matuƙin jirgin saman yaƙi ne da aka kashe a kwanakin farko na yaƙin, kuma kafin rasuwarsa ya taɓa yi wa mahaifinsa bayanin yadda jirgin sama ke saita abin hari. Da wannan ilimin tsohon ya riƙa jira sai jirgin ya sunkuyo ya daidaita, sannan ya murɗa sitiyari ya goce. Haka suka iso tashar Ramsgate a Ingila ba a rasa ran kowa ba.

A nan sai mun ja hankali. Mutum 21 aka yarda jirgin nan ya ɗauka. Lodin mutum 130 lalura ce ta yaƙi, kuma ko a bakin tashar Ramsgate saura ƙiris ya kife, lokacin da sojoji suka karkata gefe guda, sai da aka daka musu tsawa kowa ya kwanta. Duk mai fito da ke jin mu a Yawuri ko Lokoja ko bakin Tafkin Chadi ya san abin da lodi fiye da kima ke jawowa, ya san gidajen da aka yi zaman makoki saboda shi.

Sojoji sun ci gaba da aiki da jirgin har yaƙi ya ƙare, aka mayar wa iyalin a 1946. Roger bai ga wannan rana ba, domin shi ma an kashe shi a 1945. Lightoller ya rasu a 1952, Sylvia ta ci gaba da fita da jirgin, kuma yana cikin waɗanda suka koma Dunkirk a 1965 don cikar shekara 25 da kwashe sojojin. Bayan haka ya bi hannuwa daban-daban. A 1986 wata ƙungiya mai kula da kayan tarihin ruwa a gabashin Kent ta saye shi, aka gyara shi ya shiga bikin cikar shekara 50 a 1990, ya zauna a tashar Ramsgate mutane na zuwa kallo. Da shekaru suka ja ya sake lalacewa, aka ɗauke shi zuwa wani wurin gyaran jirage a bakin kogin Thames domin wani sabon aiki. Za mu ɗan dakata, idan mun dawo mu ji yadda ake irin wannan aikin.

(Gajeren kiɗa)

Madalla, barkanmu da dawowa. Wanda bai sani ba zai ɗauka gyaran tsohon jirgi da guduma da zarto ake fara shi. Masu sana'ar da takarda suke farawa. Kafin a cire ƙusa ɗaya, sai an san wane jirgi ne wannan, wa ya ƙera shi, me aka yi masa a baya.

Jirgin kansa shi ne shaida na farko. A tsohuwar dokar Birtaniya, duk jirgin da aka yi wa rajista akan sassaƙa lambarsa a jikin babban gungumen da ya gitta cikinsa. Ana iya sauya wa jirgi suna sau biyar, a sauya fenti sau hamsin, amma lambar nan tana nan, sai dai a kankare fenti a karanta. Akwai kuma ɗan allon ƙarfe da maƙera jirgi ke mannawa da sunansu da shekarar aiki, ga lambar da ke jikin inji. Da waɗannan ake tafiya wurin kundaye. Kamfanin Lloyd's ya yi ta buga littafin rajistar jiragen shaƙatawa daga 1878 zuwa 1980, da sunan jirgi, tsawonsa, injinsa da mai shi. Mai bincike yakan bi littattafan shekara bayan shekara ya ga lokacin da jirgi ya sauya hannu ko ya sauya inji. Sai tsofaffin hotuna, da littafin da matuƙi ke rubuta tafiyarsa, da rasiɗan wuraren gyara, da bakin dattawan da suka taɓa hawa.

Binciken nan yana da dalili na kuɗi da na gaskiya. Jirgin da aka tabbatar ya je Dunkirk darajarsa daban ce, shi ya sa ba a rasa masu jingina wa jirginsu tarihin da ba nasa ba. Ƙungiyar masu ƙananan jiragen Dunkirk, wadda aka kafa a 1966, ba ta karɓar jirgi sai da hujja daga takardun lokacin. Wanda ya tsallake shi ne ke samun izinin ɗaga tutar ƙungiyar da manna allon tagulla mai ɗauke da sunan Dunkirk da shekarar 1940.

Idan tarihi ya fito fili, sai tambaya mai wuya ta taso. Wace kama za a mayar da jirgin? Ku tuna Sundowner. Akwai na 1912 mai injin tururi, akwai na 1930 mai dogayen sanduna da injin kananzir, akwai na 1940 mai injin dizal, ga kuma abin da masu shi na baya suka ƙara. Ba zai yiwu a dawo da su duka a jiki ɗaya ba. Wanda ya ce zai mayar da shi yadda ya fito daga hannun maƙera, sai ya yanke ƙafa shida ya rushe ɗakunan da sojoji 75 suka kwanta, ya zubar da ainihin abin da ya sa ake tunawa da jirgin. Saboda haka masana ke cewa a fara tantance lokacin da ya fi muhimmanci a rayuwar jirgi, a rubuta shi, sannan kowace shawara ta bi wannan. Kuma duk katakon da aka cire, a ɗauki hotonsa, a sa masa lamba, a rubuta dalili, domin mai gyara na gaba ya san asali ya san ƙari.

Sai a fito da jirgi tudu. Nan ma da hattara, domin gangar da ta saba ruwa ya tallafe ta ko'ina, idan aka ɗora ta a kan tokara biyu ko uku sai ta lanƙwashe. Ana jera tokara tun daga kai har wutsiya, a yi rumfa a kai don kada rana ta busar da katako da sauri ya tsattsage.

Yanzu ku zo mu tsaya kusa da mai duba jirgi. Yana riƙe da 'yar guduma a hannu ɗaya, tsinken ƙarfe a ɗayan. Yana bin gangar taki-taki yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne, yadda mace ke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin ta biya. Lafiyayyen katako ƙararsa a tsaye take, guduma na dawowa. Ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, kamar an bugi tsumma. Inda ya ji haka sai ya soka tsinke. In tsinken ya shige ba gardama, ya zana da'ira da alli ya wuce. Sau da yawa fenti na sheƙi a waje, ciki ya zama gari.

Abin da zai ba mutane mamaki shi ne, ruwan sama ya fi ruwan teku kashe jirgin katako. Ruɓa aikin wasu ƙwayoyin halitta ne dangin funfuna, masu son danshi da iskar da ba ta motsi, kuma gishiri yana hana su sakewa. Shi ya sa ɓarna ta fi yawa a sama, inda ruwan sama ke tsiyaya ta tsagar daɓe ya kwanta a lungu, da cikin akwatunan da ba a buɗewa. Maƙeran da har gishiri suke zubawa tsakanin katakai saboda wannan. Ruwan teku kuma da nasa sharrin, domin akwai wata tsutsa da ke huda katako ta shige tana ci ta ciki, ba a ganin komai a waje sai ɗan rami kamar na allura. Sai matsalar ƙusa. Icen ok, wanda Turawa ke yawan yin haƙarƙarin jirgi da shi, yana da wani tsami mai cin baƙin ƙarfe. Ƙusa ta yi tsatsa, katakon da ke kewaye da ita ya yi baƙi ya yi laushi. Don haka da ƙusar jan ƙarfe ko ta tagulla ake ɗinke jirgi mai kyau.

Aikin kansa daga ƙashin baya ake fara shi, wato dogon gungumen da ke ƙasan jirgi, sai haƙarƙari, sai katakan jiki, sai daɓe da ɗakuna. Ba a cire haƙarƙari duka a lokaci guda, sai a cire ɗaya a bar na kusa da shi, don kada jirgin ya rasa siffarsa. Lanƙwasa sabon haƙarƙari abin kallo ne. Ana sa ɗanyen katako cikin dogon akwati ana tura masa tururi, kimanin awa ɗaya ga kowane inci na kauri. Da an buɗe akwatin sai gudu, domin 'yan mintuna kaɗan ne kafin ya huce ya ƙi lanƙwasuwa. Mutum biyu da safar hannu su ruga da shi cikin jirgi, ɗaya ya taka da ƙafa, ɗaya ya danna, a ɗaure. Sai ƙusa: wani a waje yana tokare kanta da dunƙulen ƙarfe, wani a ciki ya zura mata ɗan zobe, ya datse tsinin, ya yi ta bugu a hankali har bakin ya baje ya kama. A jirgi ɗaya akwai dubban irin wannan ƙusa, kowace sai mutum biyu.

Idan rabin katako ne ya ruɓe, ba a yar da shi duka. Ana yanke mataccen, a fere bakin tsohon da na sabon a karkace, tsawon haɗin ya ninka kaurin katakon sau takwas ko sau goma sha biyu, a haɗa su su zama ɗaya. Ta haka ake tsirar da katakon asali gwargwadon iko. A wajen zaɓen sabon katako kuwa, ƙasashenmu na da hannu. Icen tik na Asiya, wanda aka san shi da jure ruwa, ya yi tsada ya yi wuyar samu, saboda haka masu gyara a Turai sun daɗe suna amfani da loko daga Afirka ta Yamma a madadinsa. Jan katakon nan mai sheƙi da ake gani a jikin jiragen shaƙatawa da yawa kuma, na wani ɗan'uwan maɗaci ne da ke fitowa a kurmin Najeriya da Gana da Kodebuwa.

Bayan an gama jera katakai sai toshe tsaga. Ana murɗa auduga a tura ta tsakanin katako da katako da wani faffaɗan ƙarfe da gudumar ice, sannan a shafe da abin liƙi. In ta yi kaɗan jirgi ya yi yoyo, in ta yi yawa katako ya kumbura ya tsinke ƙusa. Gwani da kunne yake gane ta isa. Sai fenti a ƙasa, man sheƙi a sama, shafi bayan shafi, ana gogewa tsakanin kowane biyu. Inji ma shawara ce. Wasu sukan tayar da tsohon, su sa a ƙera musu kayan da suka ɓace a kasuwa. Wasu su sa sabo saboda lafiyar waɗanda za su hau, su adana tsohon.

Ranar da aka mayar da jirgi ruwa, baƙo zai tsorata, domin ruwa zai yi ta shigowa. Masu aikin ba sa damuwa. Sukan bar shi rataye a majanyin na'urar ɗagawa, famfo na aiki, har busasshen katako ya sha ruwa ya kumbura, tsagogi su rufe da kansu. Cikin 'yan kwanaki yoyon ya ragu ko ya tsaya.

To, masu sauraro, abin da ya kamata mu ɗauka a nan shi ne, ba a gyara jirgin katako sau ɗaya a ce an gama. An gyara Sundowner sosai don bikin 1990, amma da shekaru suka wuce sai da ya koma hannun masu gyara. Abin da ke raya irin waɗannan jirage shi ne a riƙa fita da su, a buɗe su iska ta shiga, a rufe su daga ruwan sama, a fito da su tudu a kan kari a duba. Shi ya sa masu jiragen Dunkirk suka ɗora wa kansu al'adar tsallaka teku zuwa garin duk bayan shekara biyar, domin jirgin da zai yi wannan tafiya dole a riƙe shi da lafiya.

Mu ma da muke da kwalekwale da jiragen katako masu inji a kogunanmu, wannan ilimin namu ne. Mai jirgi ya samu rana ya fito da shi tudu, ya bi shi da guduma da tsinke, ya sauya katakon da ya mutu kafin ruwa ya cika. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Idan kuma a garinku akwai tsohon jirgi da dattijon da ya san wanda ya sassaƙa shi da tafiye-tafiyen da ya yi, a samu yaro mai biro da takarda, ko mai waya, ya zauna da shi ya ɗauki bayanin tun yana da rai.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau.   

(Kiɗan rufe shiri)